Tukwanen da Na Kifa wa Gwanda

A shekarun farko bayan mun karɓi mulkin kai aka tura ni koyarwa wani ƙauye da ke bayan Kuje, tafiyar awa guda a keke in rafi bai kawo ba. A lokacin in ka ce Abuja, garin da yau ake kira Suleja kake nufi. Inda benaye suke tsaye yanzu kuwa gonakin doya ne, da duwatsu, da birai. Na sauka da matata, da akwatin littattafai, da takardar shaidar malanta wadda tawadarta ba ta gama bushewa ba, da kuma cikakken yaƙinin cewa duk abin da ya cancanci a sani na riga na karanta shi.

Makarantar ɗaki ɗaya ce. Ni ne hedimasta, ni ne malamin aji, ni ne mai buga ƙarfe. Yara ashirin da uku ne a rajista, kuma ba na manta wannan adadi, domin ranar da sufeton makarantu ya kawo ni ya faɗa mini ba ɓoye-ɓoye cewa in suka gaza ashirin za a rufe makarantar, a kwashe bencuna a kai wani gari, ni kuma in koma gida in zauna har a tuna da ni. Mahaifina ya riga ya zaga dangi kaf ya shaida musu ɗansa ya zama hedimasta. Saboda haka kowace safiya nakan ƙirga kawunan yaran nan sau biyu, na biyun a ɓoye.

Mutanen garin Gbagyi ne, mu a lokacin Gwari muke cewa. Ba su ƙi boko ba, ba su kuma so shi ba. Kallonsa suke yi kamar baƙon da ya sauka bai faɗi ranar tafiya ba. Maigari, wani dattijo siriri mai magana a hankali, ya tambaye ni tun a makon farko:

"Malam, wannan karatu naka, yana cika rumbu?"

Na ce, "Ranka ya daɗe, yana cikawa har ya zuba."

Ya ce, "To, mu gani."

Wannan "mu gani" ce ta sa na yi lambu. Na je Kuje na roƙi malamin gona, ya ba ni dashen gwanda goma sha uku, wani sabon iri da aka ce yana 'ya'ya tun yana gajere. Na dasa su a bayan makaranta, a gangaren rafi, bayan damina ta ɗauke. Duk wanda ya taɓa riƙe fartanya zai gaya maka ba lokacin dashe ba ne, amma ban tambayi wanda ya taɓa riƙe fartanya ba. Mutanen gari sukan tsaya da kayansu a kafaɗa su duba, su wuce ba su ce komai ba. Na ɗauka sha'awa ce.

Sai ɗari ya shigo. Wanda bai kwana a kwarin rafi ba ba zai yarda ƙasar nan tana sanyi haka ba. Da rana ba komai, amma gab da asuba sanyin yakan gangaro daga duwatsu ya kwanta a kwarin kamar ruwa a kwano. Gwandojina, waɗanda tsayinsu bai fi taƙi ɗaya ba, suka fara naɗe ganye. Bakin ganyen ya yi baƙi kamar an goga masa wuta.

Na buɗe akwati na ɗauko wani littafin aikin lambu da na samo a kwaleji. Marubucin mutumin ƙasar ƙanƙara ne, kuma yana da magani: akwai wani abu na gilashi mai kamar ƙararrawa, ana kifa wa ƙaramin tsiro da yamma a ɗauke da safe. Har da hotonsa. Na daɗe ina kallon hoton. A duk garin, gilashin da na sani bai wuce ƙwan fitilata da madubin matata ba.

Na fara da abin da ke gida. Na yi wa kowace gwanda hula da tsohuwar jarida, raɓa ta jiƙa su suka manne a kan ganye kamar an yi wa tsiron likkafani. Na kifa ƙore, akuyar maƙwabci ta zo ta bi su ɗaya bayan ɗaya tana ture su, tana ɗanɗana abin da ke ƙasa. Na yanke garwar kananzir biyu, da safe na tarar ƙarfen ya fi waje sanyi, tsiron kuma yana warin fitila. Na sa kwandon matata, na sa malafata, har kwat ɗin da na yi bikin gama kwaleji da shi na rataya a kan sanda uku. Matata ta tsaya a bakin lambun tana kallon wannan taro.

"Malam," ta ce, "in ka gama yi musu sutura, ka tuna ni ma ina jin sanyi."

Wata Asabar gari ya watse, kowa ya tafi kasuwa. Na hau keke na zaga bayan dutsen da ke yamma da gari, wai ko zan sami faffaɗan ganye. Akwai wani kurmi a wajen da ban taɓa shiga ba, ban kuma taɓa ganin an shiga ba. Na jingina keken a gindin wata kaɗanya, ina juyowa na yi tuntuɓe da wani abu a cikin ciyawa. Tukunya ce, a kife. Na ɗaga kai, sai ga wasu can ciki, a warwatse ƙarƙashin itatuwa, duk a kife, kowace da 'yar huda a gindinta kamar faɗin sule.

Abin da ya zo mini a rai shi ne juji. Garin masu ginin tukwane ne, dole su sami inda suke zubar da waɗanda suka lalace. Na kuma tuna marubucin nan ya ce ƙararrawar kirki tana bukatar ƙofar shan iska a sama. Ga yumɓu mai riƙe ɗumin rana, ga huda an riga an yi. Na tsaya a cikin kurmin nan ina murmushi, ina tausayin mutanen da suke zaune kusa da irin wannan dukiya ba su san amfaninta ba.

Sawu bakwai na yi, biyu-biyu, ɗaure a bayan keke. Na zaɓi goma sha uku masu faɗin baki. Da yake ni mutum ne mai tsari, na ɗauki alli na rubuta wa kowace lamba, daga ɗaya zuwa goma sha uku, daidai da lambar gwandar da za ta rufe.

Matata ta fito ta duƙa, ta sa yatsa a hudar ɗaya ta zagaya.

"A ina ka samo waɗannan?"

"A juji."

"Wannan huda ba faɗuwa ba ce, Malam. Dubi yadda ta yi sumul. Wani ne ya zauna ya yi ta."

Na yi mata bayani a kan iska da ɗumi da yadda tsiro yake numfashi. Ta saurara har na gama, ta goge yatsanta a zane, ta sake gogewa, ta ce ita dai kada ɗaya ta shigo mata gida.

Ranar Lahadi da asuba na fita alwala, sai na ji wani sauti daga wajen lambu. Ba kuka ba ne, ba waƙa ba. Wani gunji ne mai kauri, can ƙasa-ƙasa, kamar mata da yawa suna amsa magana da baki a rufe. Ya tashi, ya faɗi, ya sake tashi. Na san abin da ke faruwa sarai. Iska ce take bi ta bakin hudojin, kamar yadda yaro yake busa kwalba, ni da kaina na koyar da wannan darasi. Kaina ya gane. Gwiwoyina ne ba su halarci darasin ba. Na yi alwalar nan ina kallon bayana, na manta ko na wanke ƙafar hagu, na sake.

Da rana ta fito na ɗauke tukwanen. Ganyen gwanda ya miƙe, kore shar. Wannan ne abin da ya fi ba ni haushi in na tuna: dabarar ta yi aiki.

Da hantsi Bafillatanar da take kawo mana nono ta biyo ta hanyar rafi kamar kullum. Ina zaune a ƙofar gida na ga ta iso daidai lambu, ta tsaya cak. Na jera tukwanen a kife a gefen kunya suna shan rana. Ta dube su, ta dube ni.

"Malam, su wa ka binne a nan?"

Na yi dariya na ce gwanda ce. Ba ta yi dariya ba. Ta dafe ƙwaryarta ta juya, tana sauri tana salati, matata tana kiranta ko waiwayowa ba ta yi ba. Ran nan ba mu sha fura ba.

Daga nan gari ya yi shiru. Ba wanda ya zo ya yi faɗa, kuma da an zo da na fi samun sauƙi. Matan da suke bi ta bayan makaranta zuwa rafi suka canza hanya. Na gai da wani mutum da yake dawowa daga gona, ya dubi ƙasa ya wuce kamar iska ce ta yi magana. Ba a daka a maƙwabta ba. Da yamma na tsaya a kan tukwanen ina shawara da kaina. In na bar su a gefe, na amsa laifin da ban san sunansa ba, gwanda kuma ta mutu. Na kifa su. Kowace a kan gwandarta, bisa lamba.

Ranar Litinin na buga ƙarfe. Tsohon bakin ƙarfen tayar mota ne a rataye a reshen mangwaro, ana jinsa har gona. Na buga, na shiga aji, na rubuta kwanan wata a allo. Na gyara bencuna. Na fito na sake bugawa. Ba yaro ko ɗaya. Na buɗe rajista na zauna ina kallon sunaye ashirin da uku, fensir a hannu, na kasa sa wa kowa alamar rashin zuwa. Sufeto kuwa ya ce zai zagayo kafin ƙarshen wata, bai faɗi rana ba.

Wajen azahar aka aiko maigari yana kira.

A gindin tsamiyar ƙofar gidansa na same su, dattawa kamar goma a kan duwatsu, mata a tsaye can baya. Ba a ba ni wurin zama ba. Na durƙusa na yi gaisuwa, na ji muryata ta fito siririya kamar ta ɗan aji ɗaya.

Maigari ya ce, "Malam, ka shiga bayan dutse."

"Na shiga, ranka ya daɗe."

"Wa ya kai ka?"

"Ba kowa. Na ga tukwane ne an zubar."

Wata mata a baya ta yi wani sauti a maƙogwaro. Maigari ya ɗaga hannu.

"Ba a zubar ba. A garin nan in mace ta mutu, tukunyar da ta ciyar da gidanta da ita, ita ake kifa mata. A huda gindin don kada wani ya sake dafa abinci a ciki. Iyayenmu ne a wurin. Uwata tana wurin. Ka ɗauke musu rufi, kwana biyu suna kwance a buɗe, cikin sanyin nan."

Na buɗe baki. Ina da jawabai da yawa a cikina, na kwaleji da na littafi, ba wanda ya yarda ya fito. Abin da ya fito shi ne, "Ban sani ba."

"Mun san ba ka sani ba. Da ka sani, ba magana za mu yi ba."

Sannan ya faɗi hukunci. Hannun da ya ɗauke shi zai mayar, ba wanda zai taya ni ɗauka. Kowace tukunya ta koma kan mai ita kafin rana ta faɗi. In na ɗora ta wata a kan wata, ya fi ɗaukewar muni, domin na haɗa matan mutane rigima a inda ba mai raba su.

"In ka mayar daidai, za mu yi shawara a kan yara. In ka ruɗa su, ba uwar da za ta ba ka ɗanta. Wanda bai iya riƙe matattu ba, yaya zai riƙe masu rai?"

A nan matsalar take. Na sa wa tukwane lamba, ƙwarai kuwa, amma lambar gwanda ce. Ban san ko ɗaya daga ina na ɗauko ta ba. Kuma a idona duk kamarsu ɗaya, baƙaƙe, masu ƙaton ciki. Na faɗi haka. Dattawan suka yi magana da harshensu na ɗan lokaci, sannan aka buɗa hanya, aka jawo wata tsohuwa riƙe da sanda.

Ita ce babbar maginiyar tukwane ta garin. Ta tsufa har ta rankwafa, idanunta sun yi fari fat, ba ta ganin komai sai haske da duhu. Hausarta kuma ba ta cika bambance mace da namiji ba. Aka ce mini mafi yawan tukwanen nan ita ta gina su, sauran kuma uwarta.

"Ina ɓarawon?" ta ce.

"Ga ni, Iya."

"Matso in ji. Kai ne mai karatu? An ce ka yi musu rubutu a jiki."

"Alli ne, Iya, yana gogewa."

"To goge. Da rigarka."

Na goge lambobi goma sha uku da farar rigata ta zuwa aji. Sannan na fara jigila, ba keke, domin an ce yadda mata suke ɗaukar kaya haka zan ɗauka, a kafaɗa, ɗaya-ɗaya. Tukunya ta uku da na ɗaga a lambu, wani abu mai sanyi ya faɗo mini a ƙafa. Na yi ihun da ban san ina da shi ba, na yi tsalle, Allah ya taimake ni ban saki tukunyar ba. Kwaɗo ne. Ya dube ni ya yi gaba abinsa. Aka gaya wa tsohuwa abin da ya faru, ta ce, "Kwaɗo ma ya fi shi hankali, shi ya shiga ya yi shiru."

La'asar ta yi kafin in gama tara su a bakin kurmin. Kafaɗata ta saluɓe. Da na shiga ciki na ga abin da ban gani ba ranar Asabar: kowane gida sun zo sun tsaya a kan nasu, shiru, a gefen wata da'irar ƙasa mai duhu inda tukunya ta daɗe a zaune. Waɗansu iyayen 'yan ajina ne. Ba wanda ya dube ni.

Tsohuwa ta zauna a kan saiwa. Ita ma ba za ta taɓa tukwanen ba.

"Ɗauko ɗaya. Riƙe shi a sama, kada ya taɓa jikinka. Ƙwanƙwasa."

Na ƙwanƙwasa da bayan yatsa. Tukunyar ta yi wani ƙara mai zurfi. Tsohuwa ta karkata kai.

"Wannan na matar maƙeri ne. Na gina shi shekarar da fara ta zo. Mai rowa ce, ta ce in yi mata mai ƙaramin ciki. Kai mata."

Wani mutum can gefe ya ɗaga hannu. Na je na durƙusa na kifa, bakin tukunyar ya zauna a cikin da'irar daram. Na ji numfashin mutane ya sauka gaba ɗaya.

Haka muka yi ta yi. Ni ina ƙwanƙwasawa, ita tana saurare, tana faɗin mai ita, wani lokaci har da halinta. Wannan mai yawan dariya ce. Wannan ta haifi tara ta binne shida. A kan tukunya ta bakwai ta yi jim, ta sa na buga sau uku, ni kuwa zufa tana bin bayana duk da sanyin da ya fara sauka. Sannan ta ce a hankali, "Uwana ne wannan. Ka taka a hankali, mai karatu." Ban taɓa ɗaukar wani abu da tsoro irin na wannan ba. Taku goma sha biyu ne, na ƙirga, kuma a kowane taku ina ganin yadda za ta suɓuce ta tarwatse.

Rana ta kai kan dutse sa'ad da na kifa ta goma sha biyu. Saura ɗaya. Na ɗauko na buga.

Tsohuwa ta ce, "Sake."

Na sake.

"Wannan ba hannunmu ba ne. Ba ƙasarmu ba ne ma."

Na duba kurmin. Kowane gida sun sami tasu. Ba wanda ya rage a tsaye yana jira. Dattawa suka shiga tambayar juna, har wani ya tuna: tun yana saurayi wata baƙuwa ta biyo fatake, ciwo ya kama ta, suka bar ta a garin suka wuce. Ba ta jin harshensu, ba ta jin Hausa. Ta kwana uku ta mutu. Suka binne ta, suka kifa mata tukunyar da ta zo da ita. A ina? Ya ce a gefe ne dai. Wane gefe, ya manta.

Maigari ya dubi rana, ya dube ni.

Na shiga zagaye da tukunya a kafaɗa, ina tura ciyawa da ƙafa. Inuwa ta yi tsawo, ƙasa duk ta zama launi ɗaya. Ina jin mutane a bayana suna bina da ido. Na yi addu'o'in da na sani, na koma na maimaita. A raina ina ganin bencuna a kan kawunan leburori sun nufi Kuje, ina ganin fuskar mahaifina. Rabin rana ya shige bayan dutse.

Sai babban yatsana na dama ya yi mini zogi, inda na yi tuntuɓe ranar Asabar. Na tsaya. Tukunyar farko ba a cikin kurmi na same ta ba. A gindin kaɗanya ne, inda na jingina keke.

Na tafi da sauri gwargwadon yadda mai ɗauke da tukunya zai iya. Ga sawun tayar keke. Na durƙusa na buɗa ciyawa da hannu, sai ga wani zagaye inda ciyawar ta yi fari ta kwanta, gara ta yi masa baki da jar ƙasa. Na kifa. Ta zauna kamar ba ta taɓa tashi ba. Na zauna ni ma, a ƙasa.

Aka jawo tsohuwa har wurin. Ta laluba da sandarta ta taɓa ƙasa kusa da tukunyar.

"Wannan ba shi da kowa," ta ce. "Shekara da shekaru ba wanda ya cire mata ciyawa, shi ya sa ka yi tuntuɓe. Kai ka tashe ta, kai ka kwantar da ita. Yanzu kai ne danginta. Duk shekara in sanyi ya shigo ka zo ka share. Ka ji, ko sai an rubuta maka?"

"Na ji, Iya."

A kan yara ba wanda ya ce mini komai. Kowa ya kama hanyar gida.

Gwanda ta kwana a buɗe. Da safe huɗu sun kwanta, ba su sake tashi ba. Na tsaya a gindin mangwaro da sandar ƙarfe a hannu, na daɗe ban buga ba, domin muddin ban buga ba ba a ce ba su zo ba. Matata ce ta leƙo ta ce, "Malam, ka buga mana, ko ni in zo in buga?" Na buga.

Shiru. Na shiga aji na rubuta kwanan wata. Na goge na sake rubutawa da kyau. Ina cikin gyara wani wasali na ji ƙarar sanda a kan tsakuwa.

Tsohuwa ce a gaba, yara a bayanta, kowane da ɗaurin busasshiyar ciyawa a kafaɗa. Ba aji suka nufa ba, lambu suka wuce. Ta sa aka kafa 'yan sanduna uku-uku a kewayen kowace gwanda, aka jingina ciyawa aka ɗaure kanta, kamar ƙaramar jinka, aka bar 'yar ƙofa ta gefen da iska ba ta bugowa. Kafin in gama ƙirga kawuna sun gama rufe gwandoji taran da suka rage.

"Ba ka ga doya ba?" ta ce mini. "Kowane tudu da hularsa na ciyawa. Kullum kana wucewa a keke. Me kake kallo?"

Gaskiya ne. Dubban tudun doya na wuce tun zuwana, kowane da tulin ciyawa da ɗan hoge a ka, ban taɓa tambayar dalili ba. Ba ya cikin littafin.

Yara goma sha tara na ƙirga ran nan. Na sake ƙirgawa, goma sha tara. Kwana shida na yi a kan wannan adadi, duk ƙarar keke da na ji a hanya sai gabana ya faɗi. A rana ta bakwai jikokin maigari biyu suka shigo suka zauna a bencinsu, ba bayani. Biyun da suka rage ba su sake dawowa ba har na bar garin, kuma ban ga laifin uwayensu ba. Da sufeto ya zo ya tarar da ashirin da ɗaya. Ya zaga lambu, ya yaba 'yan jinkokin, ya tambaye ni a wane littafi na samo dabarar. Na ce masa bincike ne na cikin gida.

Shekara bakwai na yi a garin. Kowace shekara in ɗari ya shigo nakan ɗauki fartanya in je gindin kaɗanya. Da farko na yi ta muhawara da kaina a kan ko ya halatta, daga baya na ga share ciyawa a kan kabarin baƙuwa ba abin da zai ɓata wa kowa addini. Ban san abin da take bauta wa ba. Nakan dai yi mata sallama, in share, in duba ko tukunyar ta tsage. Ban taɓa zuwa wurin ba tare da tsikar jikina ta tashi ba, ko sau ɗaya.

Bayan birni ya ci wajen, na koma neman wurin da tsufana. Dutsen yana nan, an fasa rabinsa. Kurmin babu, kaɗanyar babu. Akwai doguwar katanga da ƙofar ƙarfe, da 'yar ciyawa a gindin katangar. Na auna da ido daga dutsen, na zaɓi inda ya fi kama, na duƙa na fara tuge ciyawar da hannu. Maigadi ya fito ya tsaya a kaina.

"Oga, lafiya? Wani abu ka yar?"

Na ce, "Wata 'yar'uwata ce a nan."

Ya dubi katangar, ya dube ni, ya koma ciki. Jim kaɗan ya fito da fartanya ya miƙo mini.